Nababa Na 'Yan Damina Ya Kwanta Dama

Daga Allah muke, kuma komai daɗewa gare Shi za mu koma. A ranar Laraba, 12 ga Fabrairun 2025, ana tsakiyar watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Nababa Jumare Damari, mawaƙin da aka fi sani da Nababa na 'Yan Damina, a wani asibiti a Kaduna, bayan ya sha jinyar ciwon hanta. Shekararsa arba'in da ɗaya. Ya bar matarsa Asama'u da 'ya'ya huɗu. A ranar aka taho da shi gida cikin ayarin motocin da jami'an tsaro ke rakowa, aka yi masa sutura a Birnin Gwari bayan la'asar.

Ni Suhaibu, mai shagon cajin waya da tura waƙoƙi a bakin tasha, ba ɗan'uwanka ba ne, Nababa, ban kuma taɓa riƙe ganga ko gita ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, waɗanda suka yi rubutu a kanka cikin makon nan daga Legas suka fara labarinka, kamar a can aka haife ka. Ni kuwa a bayan shagona na ga farkon abin, a kan bencin shagon kuma na ga ƙarshensa. Zan faɗi abin da na gani, ba don in wanke ka ba, ba kuma don in kama ka da laifi ba.

A Damari aka haife ka, ɗan manomi, ka shigo gari kana saurayi kana ɗinkin buhu a kasuwar hatsi. Kana ɗinki kana waƙa, har masu awo suka saba da muryarka kafin su san sunanka. A nan Manasseh ya ji ka. Shi ɗan wani malamin firamare ne da ya zo daga kudancin Kaduna tun kafin a haife mu, a nan garin ya tashi, a coci ya koyi gita. Ya tsaya ya saurare ka, ya ce idan an tashi kasuwa ka same shi. Daga baya kuka jawo Auta mai kalangu, da Rosaline wadda ke yi muku amshi. Ku huɗu kuka zama 'Yan Damina. Manasseh ne ya raɗa sunan, saboda waƙoƙinku na farko duk na huɗa ne da shuka da noman fari.

A bayan shagona kuke gwaji, don ni ke da janareta. Da kuka je Kaduna kuka naɗi waƙoƙinku a wani ƙaramin situdiyo, ni kuka kawo wa. Na tambaye ka yadda za a yi da masu so a tura musu. Ka ce: "Duk wanda ya kawo memori ka zuba masa. Waƙar da ke kulle a aljihu ba ta yi wa kowa amfani." Haka waƙoƙinku suka shiga Kakangi da Dogon Dawa da ƙauyukan da mota ba ta zuwa, a wayoyin 'yan acaɓa da masu kai dawa kasuwa.

Mutane da yawa za su ba da shaidar halinka fiye da ni. Abin da na sani shi ne ba ka karɓar wasa ranar Lahadi da safe, sai Manasseh da Rosaline sun fito daga sujada, kamar yadda su ma ba sa taɓa kayan kiɗa ranar Juma'a sai an sauko. Idan aka gayyace ku bikin godiyar kaka a cocinsu, kakan zauna a gindin mangwaron da ke harabar har a gama addu'a, sannan ka miƙe ka yi musu waƙar girbi. Da fatar kalangun Auta ta fashe ana gobe biki, akuyar gidanka aka yanka, ka ba shi fatar, naman ka raba wa maƙwabta. An daɗe ana tsokanarka da cewa sabuwar fata ba ta bushewa a kwana ɗaya, kalangun aro aka yi bikin da shi. Ka ce ai ka sani, ka dai ga Auta ya shiga damuwa ne ka rasa abin da za ka yi masa.

Akwai kuma bikin 'yar wani mutumin Dogon Dawa da aka kora daga gonarsa, suna zaune a ajin wata makaranta a nan garin da iyalinsa. Ba su gayyace ku ba, don ba su da abin sallamar makaɗa. Kuka ɗora lasifika a kan baro kuka tura har can, kuka yi wasa daga azahar zuwa la'asar, ba ku sha ko ruwan gidan ba. Amaryar nan tana garin nan har yanzu, ta zo gaisuwa da goyonta.

Sai shekarun da daji ya ɓaci. Noma ya zama kasada, hanyar Kaduna ta zama sai da rakiya, bukukuwa suka koma na rana tsaka, kowa ya watse kafin magariba. A wani biki a Kakangi, kuna cikin wasa, wata mata ta ratso fili ta tsaya gabanka. Ta ce an ɗauke mijinta a gona tun farkon damina, ba labari, tana so ka ambaci sunansa ko da sau ɗaya, ko wani da ya gan shi zai ji. Ka ɗaga wa Auta hannu ya sassauta kiɗa. Ka kira sunan mutumin, da sunan ubansa, da inda gonarsa take. Rosaline ta amsa da cewa, "Ina suke, ina suke, tuwonsu na nan a rufe." Kafin a tashi, mutane sun yi layi, kowa da sunan nasa.

Daga nan aka samu waƙar "Ina Suke". Ba ta da tsayayyen tsawo, ba a kuma taɓa yin ta iri ɗaya sau biyu ba. Duk garin da kuka je, sunayen garin kuke kira, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bagwari da Bafillace, yadda aka kawo muku su. Idan aka sako wani, kakan sanar a tsakiyar waƙar cewa wane ya dawo, an cire shi, mata su rangaɗa guɗa. A shagona, mutum kan zo ya ce a tura masa "Ina Suke" ta Damari, ko ta bikin gidan wane, domin a cikinta ne aka kira ɗan'uwansa.

Wani ya ɗauke ku a waya ya sa a intanet. Cikin ɗan lokaci abin ya zagaya ƙasar nan. 'Yan jarida suka riƙa kiran wayarka. Bayansu sai ga wakilin wani babban kamfanin waƙoƙi na Legas, wani mai suna David, mutum mai fara'a da ladabi. Bai iso Birnin Gwari ba, a Kaduna ya tsaya ya aiko muku. Ku huɗu kuka tafi. Da kuka dawo, daga tasha kowa ya kama gabansa.

Abin da kamfanin ya nema a fili yake, ba su ɓoye komai ba. Muryarka suke so, da sunan 'Yan Damina, da waƙoƙin da aka riga aka yi. Makaɗa kuwa suna da nasu, suna kuma da na'urar da ke yin aikin kalangu. Kwantiragi na mutum ɗaya ne. Sun yi alkawarin za a sallami sauran ukun, kuma an sallame su.

Ina wurin a bayan shago ranar da kuka yi maganar ƙarshe. Manasseh ya ce: "Nababa, ban ce kada ka tafi ba. Muryarka ce, Allah ne Ya ba ka. Amma sunan nan mu huɗu muka yi masa wahala, waƙar nan kuma ba tamu ba ce ma balle taka. Ta masu sunayen ce."

Ka ce: "Malam Manasseh, shekara nawa muna kiran sunayen nan a ƙauye, wa ya ji? Mu da muka riga muka sani ne kawai. Idan na kira su a Legas, har Abuja za a ji."

Ya ce: "Idan sun bar ka ka kira su."

Ka ce sun yi maka alkawari. Auta ya rataya kalangunsa ya fita. Ka sa hannu a makon.

Ban taɓa shakkar cewa abin da ka faɗa shi ne a zuciyarka ba. Na kuma san ba shi kaɗai ba ne. Kana zaune a gidan haya, gonarku ta Damari ba ta nomuwa, 'ya'yanka sun isa makaranta. Kana kuma son a san ka, kamar yadda duk mai waƙa ke so. Duk wanda ya ce da shi ne zai ƙi, to ba a kira shi Kaduna an ajiye masa takarda a gaba ba.

Sabuwar "Ina Suke" ta fito bayan wasu watanni. Sautinta tas, muryarka ta fito yadda ba mu taɓa jin ta ba. An gajarta ta yadda za ta shiga rediyo. Amshin yana nan, wasu 'yan mata ne suka yi shi, da jin bakinsu ba su san abin da suke faɗa ba. Sunaye kuwa babu ko ɗaya. Daga baya ka gaya mini sun ce mai saurare a Legas bai san waɗannan mutane ba, lauyoyinsu kuma sun ce kiran sunan mutum a faifai na iya jawo ƙara. A bidiyon, an sa ka tafiya a wani daji mai bishiyoyin kwakwa, wasu samari da rawani a fuska suna bin ka a baya.

Waƙar ta karɓu. Aka gan ka a talabijin, aka ba ka lambar yabo, ka hau jirgi ka je ƙasashen da a da sai a labarai muke jin su. Kada in rage maka komai: a wannan shekara an ambaci Birnin Gwari a wuraren da ba a taɓa ambatarta ba, wasu ƙungiyoyi sun kawo wa 'yan gudun hijira abinci da magani saboda waƙar. Ka gina wa mahaifiyarka ɗaki, ka haƙa rijiya a unguwarku wadda har yau ake sha. Samari sun manna hotonka a babura. Ranar da aka nuna ka kana karɓar lambar, an cika gidan kallo har waje, an yi tafi.

A makon ne kuma tsofaffin waƙoƙinku suka ɓace daga intanet, domin yanzu mallakar kamfani ne. Aka sanar da Manasseh cewa ba zai sake yin wasa da sunan 'Yan Damina ba. Ya mayar da gitarsa coci, ya kama koyarwa a makarantar da mahaifinsa ya yi aiki. Rosaline ta buɗe shagon ɗinki. Auta ya koma yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwa. Masu biki suka rasa wanda za su kira, suka koma hayar mai lasifika ya sa musu faifai. Iyalan waɗanda aka ɗauke bayan tafiyarka ba su samu wanda zai kira musu suna ba.

Masoyanku suka rabu biyu, a shagona ake musun. Wasu su ce ɗanmu ya ɗaukaka, hassada ce ke damun mutane. Wasu su ce ka sayar da kukan jama'a. Mafi yawa ba sa shiga musun. Su dai miƙo waya su ce, "Suhaibu, tsohuwar, ba ta Legas ba."

Sau ɗaya kamfanin ya kawo ka wasa Kaduna, a wani babban ɗakin taro, da tikiti da masu gadi. Mutanenmu suka cika mota biyu suka bi ayari, ni ma ina ciki. Tare da mu akwai Mama Dinah, wata dattijuwa daga Kakangi, wadda aka ɗauke ɗanta Solomon a hanyar gona shekarar da ka tafi. 'Yan cocinsu ne suka haɗa mata na mota da na shiga. Ka fito da yamma cikin fararen kaya, fitilu na bin ka. Da aka zo "Ina Suke", Mama Dinah ta miƙe daga can baya tana kiran sunan ɗanta da iya ƙarfinta. Kiɗan ya fi ƙarfin muryarta. Ka yi waƙar yadda take a faifai, ka sauka.

Muna wajen ajiye motoci muna shirin neman masauki sai ga ka, manajanka na biye da kai yana nuna maka agogo. Wani ne ya kai maka labari. Ka durƙusa gaban Mama Dinah har ƙasa ka gaishe ta.

Ta ce: "Ɗana, ban zo kallon fitila ba. Na zo ka kira mini Solomon."

Ka tambaye ta sunan mahaifinsa da inda gonar take. Kana durƙushe, ba kiɗa, ba lasifika, ka yi mata waƙar yadda ake yin ta a gida. Da ka zo wurin amshi ka dakata, don babu Rosaline. Direban motarmu ne ya amsa, sauran muka bi shi. Manajan ya hana wani yaro ɗauka a waya, ya ce doka ba ta yarda ba. Mama Dinah ta dafa kanka ta ce Allah Ya yi maka albarka. Ka shiga mota aka tafi da kai filin jirgi. Solomon bai dawo ba har yau.

Bayan haka kamfanin ya so ka koma waƙoƙin soyayya da na rawa, rabi Hausa rabi Turanci. Ka yi. Faifai na biyu bai je ko'ina ba: mutanen can sun samu wani sabo, mutanen nan kuma ba su gane ka a ciki ba. Kamfanin bai kore ka ba, bai kuma sake kiran ka situdiyo ba. Wa'adin kwantiragi bai cika ba, don haka ba ka da ikon naɗar waƙa a wani wuri. Ka zauna a Legas kana jira har zaman ya gagara, ka kwaso iyalinka ka dawo.

Ba a tare ka da ganga ba, ba a kuma jefe ka ba. An gaishe ka kamar wanda ya dawo daga ci-rani. Wata ranar kasuwa ka zo shagona ka zauna a benci, ka rame, idanunka sun yi ruwan ɗorawa. Ka daɗe kana kallon masu shiga mota. Sannan ka miƙo wayarka ka ce: "Suhaibu, kana da namu na da? Ni ba ni da ko ɗaya." Na zuba maka duk abin da ke wurina. Ka sa a kunne ka saurara, ka ce ashe gitar Manasseh ce ke riƙe da waƙoƙin nan, kai a lokacin ka ɗauka muryarka ce.

Da ƙafarka ka je gidansa. Ban san abin da kuka faɗa wa juna ba, ba wanda ya gaya mini a cikinku. Na dai ga a daminar da ta biyo baya kuna noman fili ɗaya a bayan gari, inda ake iya zuwa a dawo lafiya. Auta ya fi daɗewa kafin ya sauko, sai da Rosaline ta sa baki. Kun yi wasa a bukukuwa kaɗan kafin jiki ya hana. Ba ku da suna, mutane kan ce an kira "su Nababa". Muryar ta rage ƙarfi, kana zaune a kujera kake yi. Duk da haka layin masu kawo sunaye ya dawo, ya ma fi na da tsawo.

Da ciwo ya tsananta, Manasseh ne ya ɗauki hutu a makaranta ya raka ka Kaduna. Ya ba da jininsa. Shi da yayanka Malam Usama ne a kanka lokacin da rai ya yi halinsa. Malam Usama na laƙƙana maka kalmar shahada, Manasseh na riƙe da ƙafafunka.

Washegarin rasuwarka kamfanin ya sa hotonka a shafinsa da kalmomi masu daɗi, ya ce an yi rashin muryar Arewa. An ce masu sauraren waƙarka a intanet sun ninka a makon nan. Waƙoƙin nasu ne, sunan 'Yan Damina ma nasu ne, haka takarda ta ce, kai ka sa mata hannu da hankalinka. Ba su aiko kowa ba, amma David ya kira Asama'u a waya ya yi mata gaisuwa, an ce har ya yi kuka.

A zaman makoki, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. 'Yan'uwa na jini suna jere a jikin bango, masu gaisuwa na bin su ɗaya bayan ɗaya. Manasseh ya zauna can gefe wajen takalma, mutane na wuce shi da ɗaga hannu kawai. Malam Usama ya lura. Ya tsayar da mai addu'a, ya matsa ya buɗe wuri kusa da shi, ya ce: "Malam Manasseh, taso ka dawo nan. Kai ma gaisuwa za a yi maka, ba kai za ka yi ba." Ya taso ya zauna a jerin. Tun daga asibiti ba a ga hawayensa ba sai a lokacin.

Nababa, Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Alherin da ka yi wa mutanen ƙasar nan a lokacin da ba su da mai ambaton su, Allah Ya sa ka tarar da shi a mizani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, da Asama'u da 'ya'yanku, da Malam Usama da dukkan zuriyar Jumare ta Damari. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari, Ya shirya su. Ina yi wa Auta da Rosaline gaisuwa, da Malam Manasseh. Ina kuma yi wa Mama Dinah, da duk mai jiran wani nasa daga daji. Allah Ya dawo muku da su, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Mu da muka rage, idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.